Ranar Da Na Ajiye Makulli A Argungu

Ko da zan tsufa har in manta sunayen garuruwan da na ratsa da mota, akwai wata ranar Laraba a Argungu da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da faruwar abin, amma har gobe in na tuna sai in ji kamar jiya aka yi.

Ni haifaffen Birnin Kebbi ne. Shekara shida na yi ina bin wani tsohon direba a matsayin yaron mota, ina wanke ta, ina ɗaure tamfol, ina sa waigi a taya, shi kuma yana ba ni sitiyari in hanya ta yi shiru. Ranar da lasisina ya fito na ɗauka wahala ta ƙare. Har kaza mahaifiyata ta yanka. Ban san cewa lasisi takarda ce kawai ba, kuma masu irinta a aljihu sun cika bencin tasha suna hamma.

Hanya uku ce a gaban sabon direban babbar mota a wancan lokacin, kuma ban ga abin da ya sauya ba har yau. Akwai manyan kamfanoni masu tankoki da tireloli, inda ake biyan albashi a kan kari, har da asibiti in ka yi ciwo. Can kowa yake so. To amma da ka je sai a ce ka kawo shaidar ka riƙe mota shekara biyar, ka kuma kawo babban mutum ya tsaya maka. Ta ina za ka samu shekara biyar in ba wanda ya yarda ya ba ka ta farko? Akwai tifa, ka yi ta jigilar yashi cikin gari, ka kwana gidanka, a biya ka bisa sawu. Ita kuma da damina ta sauka ruwa ya cinye wurin ɗibar yashi, sai ka koma zaman kashe wando. Sai ta uku, wato ka samu wani attajiri mai motocin kansa ya ba ka ɗaya. Nan yawancinmu muke faɗawa, nan ni ma na faɗa.

Wani Alhaji ne, dillalin albasa da shinkafa, mai motoci huɗu. Ya ba ni wadda ta fi tsufa a cikinsu, wata gingimari da ta girme ni. Albashin da ya yanka mini a wata bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba, sai ɗan kuɗin hanya, wanda a cikinsa zan ci abinci, a cikinsa kuma zan sallami masu shinge. Da ya ga fuskata ta sauya sai ya yi dariya, ya ce ai direba ba da albashi yake rayuwa ba, mai wayo a hanya yake samun nasa. A lokacin ban gane ba. Daga baya na fahimci abin da yake nufi: ka rage mai ka sayar, ka ɗora fasinja a kan kaya, ka yi ƙaryar faci. Masu motoci su biya ka abin da dole sai ka yi sata, sannan su riƙe satar a hannu, ranar da suka gaji da kai su kira ka ɓarawo a gaban jama'a. Ni dai ban iya ba, shi ya sa kullum aljihuna a bushe.

Duk da haka ina son aikin. Da asuba in duba ruwa da mai, in zagaya tayoyi ina bubbuga su, in sha shayi da burodi a tsaye. Wani lokaci ka kwana uku a tasha kana jiran lodi, kana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota sauro yana rabonka, wanka ma sai ka biya. Matata kuwa, da ba mu cika shekara da aure ba, in ta gan ni kwana huɗu a wata ta gode Allah. Amma in na hau can sama na kama sitiyari, ina kallon ƙananan motoci kamar ƙwari, sai in ji ni ma mutum ne.

Ina da aboki da muka yi yaron mota tare. Kirista ne, iyayensa daga tsakiyar ƙasar nan suka zo, amma a Gwadangaji aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa na tuyar ƙosai a bakin titi, ga ƙanne biyu a makaranta. Ya riga ni samun lasisi, kuma a gaskiya ya fi ni hannu, amma ba wanda ya ba shi mota. Shi ya sa in tafiyar kudu ta kama nakan ɗauke shi mu tafi tare, ya karɓe ni in na gaji, mu raba abin da ya samu.

A tafiyar da ta gabaci wannan ranar na lura birkin motar ya fara wasa. Birkin babbar mota da iska yake aiki, ita kuma iskar tana zurarewa. Da muka dawo Birnin Kebbi na gaya wa Alhaji, ya ce in kai gareji. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce tiyon iska ya tsage, birkin baya kuma ya cinye, dole a canza su duka. A gabana ya buga wa Alhaji waya. Da kunnena na ji Alhaji yana cewa a ɗaure tiyon da roba, in an dawo daga wannan sawun a yi gyaran gaba ɗaya, domin albasa ta yi kuɗi a kudu kuma ba a san gobe ba. Bakanike ya kalle ni, ya ɗaga kafaɗa, ya yanko robar tsohon tiyub ya ɗaure.

Ranar Larabar da sassafe muka yi lodi a Augie. Wasu buhunan na Alhaji ne, wasu na manoma ne da suka ba shi ya kai musu. 'Yan dako suka yi ta jibga kaya har suka wuce bodi, na ce ya isa, mai kula da lodin ya ce umarnin da aka ba shi ke nan. Muka taso. Ba mu yi nisa ba garken shanu ya ratsa titi. Na taka birki tun daga nesa, ƙafata ta tafi har ƙasa, motar kuwa ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita nake ba. Da giya na samu na rage ta, makiyayin ya yi ta dukan shanunsa suna watsewa, sai da muka wuce wurin da kusan tsawon gona guda sannan ta tsaya. Ni da abokina muka kalli juna. Rigata ta jiƙe sharkaf.

Na lallaɓa da giya ɗaya da biyu har Argungu, na faka a bakin tasha, na sa waigi. Alhaji yana garin a ranar, yana rumfarsa ta kasuwa. Na aika aka kira shi. Ya zo da mutum uku a bayansa, yana gyara babbar riga, tun kafin ya iso yake tambayar me ya tsayar da mu. Na rusuna na gaishe shi, na ce:

"Alhaji, ranka ya daɗe, motar ga ba ta da birki. Ko Birnin Kebbi ba ni iya kai ta da kayan ga, balle kudu. A yi haƙuri a kira bakanike, ko kwana ɗaya ne."

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, direbobi, 'yan kamasho, masu shayi, da wani tsoho manomi daga Augie da ya biyo mu saboda buhunansa na ciki. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce tun ban san hagu da dama ba yake da motoci, direbobin ƙwarai da giya suke tsai da mota, albasa kuma ba ta jiran rago. Ya ce ya tsinto ni daga benci ya mai da ni mutum, yau ni ne zan koya masa sana'arsa. Wasu suka yi dariya. Cikin masu dariyar har da direbobin da suka san sarai abin da nake faɗa gaskiya ne, kuma wannan ya fi zagin yi mini ciwo.

Na zaro makullin, na miƙa masa da hannu biyu, na ce ya yafe ni. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama yana kaɗawa, ya juya ga jama'a ya ce, "To, akwai namiji a nan?"

Tsofaffin direbobi kowa ya kau da kai, domin su suna da motocinsu. Sai na ji motsi a gefena. Abokina ne ya tako gaba.

Na kamo hannunsa na ja shi bayan motar. Na ce ya haukace ne, ba tare muka ga abin da ya faru da shanu ba? Bai yi musu ba. Idonsa ya yi ja, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce:

"Kai in ka koma gida akwai gonar babanka a fadama. Ni in na koma mi zan iske? Wata bakwai lasisi na cikin aljihuna, tsohuwa na ciyar da ni da kuɗin ƙosai. In na kai motar ga na dawo, na zama direba."

Ya ce zai bi a hankali, ba zai wuce giya uku ba, in ya isa Birnin Kebbi zai sa a sake ɗaure tiyon da kuɗin abincinsa. Ni kuwa zuciya ta riga ta rufe mini ido. Gani nake ya ci amanata, ya tsaya a kan kunyata ya hau. Na sake masa hannu, na ce ya je, kwaɗayi mabuɗin wahala. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah gafara a kansu har yau. Ba kwaɗayi ba ne. Yunwa ce, kuma wanda ya ɗaga makullin ya san da ita, shi ya sa ya ɗaga shi a tasha, inda masu yunwa suke.

Na ɗauko jakata daga kan mota. Ina tsaye ya cire waigi, ya tayar, ya fita titi. Da na so, zan iya sace iskar taya. Zan iya tsayawa a gaban motar. Zan iya zuwa in gaya wa jami'an hanya. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce ai ni na fita, na wanke hannuna, na je na zauna wurin mai shayi ina huci.

Bayan kamar awa ɗaya na shiga ƙaramar motar haya zuwa gida. Mun yi wajen rabin hanya sai muka tarar da cunkoso a wani ɗan gangare da ke shiga wani ƙauye. Tun kafin in ga komai warin albasa ya buge ni. Na buɗe ƙofa na fita da gudu. Motarmu ce kwance cikin kwazazzabo, tayoyinta a sama, albasa ta malale har cikin gonar mutane.

Mutanen ƙauyen suka ba ni labari daga baya. Ranar kasuwarsu ce, wani keke mai ƙafa uku cike da mata ya mutu a tsakiyar titi, ana ƙoƙarin tura shi. Sai ga babbar mota ta gangaro, direban yana ta danna hon, ya leƙo da kai yana ihu a kauce. Da ya ga ba za su kauce a kan lokaci ba, sai ya karya sitiyari ya jefa kansa cikin ramin.

Abokina yana ciki, ƙarfe ya danne masa ƙafar dama. Na kutsa ta gilashin da ya fashe na tallabi kansa. Maza suka kawo jak da gatari da wani dogon ƙarfe, aka yi ta fama a cikin rana kusan awa biyu. Bai yi kuka ba. Da ya gane ni ne, abin da ya fara tambaya shi ne ko ya taɓa wani. Na ce ko mutum ɗaya bai taɓa ba. Ya rufe ido ya ce to an gode Allah.

Muna cikin haka Alhaji ya iso a motarsa. Wallahi ina kallonsa. Ya sauko ya zagaya motar sau biyu, ya duƙa ya leƙa inji, ya shafa bodi inda ya lotse. Ya juya ya ce wa mutanensa su nemo buhuna a kwashe albasar kafin rana ta dafa ta, a kuma sa ido kada 'yan ƙauye su ɗiba. Mutanen da suka bar kasuwarsu suna ta zufa don su ciro masa direba, su ne ya kira ɓarayi. Sai da ya gama duk wannan sannan ya matso ya leƙo, ya ce yaran yanzu ba su da aiki sai gudu. Wata tsohuwa cikin matan da ke keken ta dube shi, ta tofar da yawu a ƙasa, ta juya masa baya. Ni da hannuna ba ya riƙe da kan mutum, ban san abin da zan aikata ba.

A asibiti a Birnin Kebbi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mahaifiyarsa ta bar tuya ta tare a can. Alhaji bai taka ba ko sau ɗaya, sai dai ya aiko da ledar lemu da gaisuwa. Da 'yan'uwan abokina suka matsa, aka ce za a zauna a ofishin shugabannin tasha a sasanta.

Kwana ɗaya kafin zaman, tsohon ubangidana da ya koya mini tuƙi ya zo har gida. Ya ce in ja bakina in yi shiru. Masu motoci duk kansu a haɗe yake, in na yi magana ba mai sake ba ni mota a garin nan, ƙafa kuma ba za ta dawo ba. Na san don yana ƙaunata ya faɗa. Amma na riga na yi shiru sau ɗaya a Argungu, na ga abin da ya haifar.

A wurin zaman Alhaji ya yi magana mai daɗi, har da jan aya. Ya ce hatsari ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Ya ce shi ma ya yi asara, ga mota ga kaya. Ya ce yaron sabon hannu ne, shi ya nace sai an ba shi, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa birki na da matsala. Aka juya ga bakanike, ya sunkuyar da kai ya ce motoci da yawa suke zuwa garejinsa, ba ya iya tunawa. Shugabannin suna ta gyaɗa kai, har an fara shirin shafa fatiha.

Na miƙe. Na faɗi komai, tun daga wayar gareji da robar tiyub, har shanun hanyar Augie da makullin da aka ɗaga sama. Na ce na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ba ƙaddara ce ta ce a ɗaure tiyo da roba ba. Alhaji ya ce ni korarren direba ne, haushi ne ke cina. Sai aka ji gyaran murya daga bakin ƙofa. Tsohon manomin nan ne na Augie, wanda ya yi asarar albasar shekararsa a ramin, ba wanda ya gayyace shi. Ya ce:

"Ina wurin. Yaron ga ya faɗi a gaban kowa cewa babu birki, Alhaji ya ce mishi rago. Albasata ta tafi, na bar wa Allah. Amma ba ni barin a yi ƙarya a kan ƙafar ɗan mutane ina zaune."

Abin da aka iya samu bayan doguwar muhawara shi ne Alhaji ya ɗauki nauyin asibiti. Ko shi ma sai da ya kafa sharaɗi a ce taimako ne ya yi saboda Allah, ba hakki ba ne. Aka kuma sa mahaifiyar ta yi masa godiya. Na ga matar nan ta durƙusa tana gode wa mutumin da ya nakasa mata ɗa, domin ba ta da yadda za ta yi. Ban taɓa jin ƙyamar wani zama kamar wannan ba.

Maganar ubangidana ta tabbata. Aka yi ta yaɗa cewa ni mai taurin kai ne, mai kai ƙarar iyayen gida. Wata tara ban taɓa sitiyari ba, na koma fadama ina dashen shinkafa da mahaifina. Daga baya na samu tifa, na yi shekara huɗu ina ɗibar yashi, kafin Allah ya buɗa mini aikin kamfani. Motar kuwa ko wata biyu ba a yi ba aka tayar da ita, aka yi mata fenti, aka ba wani sabon direba. Da idona na gan ta ta wuce da lodin shinkafa.

Abokina yana nan a Gwadangaji, yana da 'yar rumfa a bakin titi inda yake sayar da man inji da kayan faci. Ya yi aure, da 'ya'yansa uku. Na roƙe shi gafara a kan maganar da na faɗa masa, ya yi dariya ya ce shi bai ma ji ba. Na san ya ji. In babbar mota ta wuce yana iya gaya maka ciwonta daga ƙarar injinta, ba tare da ya ɗaga kai ba. Direban da ya fi mu duka ke nan, tuƙinsa na kansa bai kai awa biyu ba.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, ƙin aikata ɓarna bai wadatar ba in ka matsa gefe ka bar wa na bayanka. A sana'armu duk makullin da ka ajiye akwai mai yunwar da zai ɗauka, masu motoci kuma sun san haka fiye da kowa. Shi ya sa yanzu in na ce mota ba ta tafiya, ba na miƙa makulli in kama gabana. Nakan tsaya a wurin in yi ta faɗa da ƙarfi, ko za a zage ni, ko za a kore ni, har sai an kira bakanike. Wanda ya rasa aiki yana iya samun wani. Ni na samu.